Tsagogin Ƙarƙashin Ƙasar Agadas: Barci Suke Yi, Amma Daga Cikinsu Ake Cin Kasuwa

Daga wakilinmu a Agadas

Da daren ranar Juma'a, 8 ga watan Satumba na shekarar 2023, ƙasa ta girgiza a tsaunukan Atlas da ke kudu da birnin Marakesh na ƙasar Maroko. Kafin a ce kwabo ƙauyuka sun zama kufai, mutane kusan 3,000 sun riga mu gidan gaskiya. Akasarin gidajen da suka rufta a kan masu su na laka ne da dutse, wato irin ginin da muka sani a nan. Watanni bakwai kafin wannan, irin wannan masifa ta auka wa Turkiyya da Siriya, inda aka rasa rayuka sama da 50,000.

Duk wanda ya ga hotunan abin da ya faru, alhali shi ma a ɗakin ƙasa yake kwana, ko kuma dukiyarsa na jibge a shagon laka cikin kasuwa, ba zai rasa tambayar kansa ba: shin mu ma ƙasar da muke takawa a Agadas za ta iya yi mana haka wata rana?

Amsar da masana ilimin duwatsu ke bayarwa tana da fuska biyu. Ta farko, ƙasar Abzin a tsattsage take, kuma wasu daga cikin tsagogin sun kai ɗaruruwan kilomita. Ta biyu, tsagogin nan tsofaffi ne tukuf, sun daɗe da kwantawa, kuma abin da suka bar mana a baya yana cikin abin da ake saye da sayarwa a wannan jiha, daga gishiri har zuwa zinari.

Yadda dutse ke zamewa

Mai karatu, ko kuma mai karatu 'yar kasuwa, ɗauki misalin ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke ta. Daga nesa ƙwarya ɗaya ce, amma idan aka matse ta, a wurin ɗinkin nan ne za ta motsa. Haka ɓawon duniya yake. Dutsen da ke ƙarƙashin yashi da laka ba dunƙulalle ba ne, manyan ɓangarori ne da ke jingine da juna, kowanne kuma yana tafiya a hankali saboda zafin da ke cikin ƙasa. Tafiyar ba ta wuce 'yan santimita a shekara, kwatankwacin yadda farcen mutum ke tsiro. Inda dutse ya karye, har ɓangare ɗaya ya gusa ya bar ɗaya, shi ake kira tsaga. Ba kowane fashewar dutse ne tsaga ba, sai wanda aka samu gusawa a kansa.

Gusawar iri uku ce. Idan ana jan ƙasa gabas da yamma, sai ta buɗe, ɓangare ɗaya ya sulale ƙasa, a samu kwari. Bahar Maliya da alhazai ke tsallakawa haka ta samu, kuma har gobe ƙasar Larabawa na ƙara nisa da Afirka da kimanin santimita ɗaya a kowace shekara. Idan kuma matse ƙasar ake yi, sai ɓangare ɗaya ya hau kan ɗaya, a samu tsauni, kamar yadda tabarma ke tattarewa idan aka tura ta jikin bango. Na uku shi ne inda ɓangarorin ke goga kafaɗa suna wuce juna, kamar manyan motoci biyu da suka yi kiciɓis a hanyar Tawa, ɗaya ta nufi kudu ɗaya arewa.

To, in dai tafiyar a hankali ce haka, me ke kawo girgiza? A nan ne maganar take. Fuskokin duwatsun biyu ba sumul suke ba, kuma nauyin da ke danne su ba kaɗan ba ne, saboda haka sai su cije. Ƙasar da ke nesa tana ci gaba da tafiyarta, amma bakin tsagar ya ƙi motsi. Duk wanda ya taɓa ɗaure kaya a bayan babur ya san halin roba. A ɗaura robar a bakin buhun gero da ke ajiye a ƙasa, a fara ja. Buhun ba zai motsa ba, robar ce za ta yi ta miƙewa, ta yi ta miƙewa, sai can ba zato buhun ya yi tsalle ya biyo, sa'annan ya sake tsayawa cik. Dutse ma yana da wannan hali, ko da yake ido ba ya gani. Yana lanƙwasa kaɗan-kaɗan na tsawon shekara ɗari, ko dubu, yana tara ƙarfi, ranar da ƙarfin ya rinjayi cijewar sai ya ƙwace, ya yi tafiyar shekara ɗari cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ƙwacewar ita ce girgizar ƙasa.

An fahimci haka ne bayan girgizar da ta rusa birnin San Faransisko na Amurka a shekarar 1906. Da masana suka bi layin tsagar San Andiriyas, sai suka tarar da shingaye da hanyoyin da a da suke a miƙe sun rabu biyu, a wani wurin ma ɓangare ɗaya ya wuce ɗaya da kusan mita 6. Wani malami mai suna Harry Reid ya auna filayen, ya kwatanta da awon da aka yi shekaru da dama kafin nan, ya gano cewa ƙasar ta daɗe tana lanƙwasa kafin ta ɓalle. Bayanin da ya fitar a 1910 shi ake koyarwa har yau.

Sai dai kuma ba kowace tsaga ce ke cijewa ba. Akwai waɗanda bakinsu ya cika da laka mai santsi, suna sulalewa a hankali ba tare da girgiza mai ƙarfi ba, sai dai a wayi gari a ga katanga ta karkace ko kwalta ta tsage. Lakar kuwa daga jikin dutsen take fitowa. Matan da suka san dutsen niƙa ba sa buƙatar dogon bayani: dutse biyu in suna goga juna, abin da ke tsakaninsu gari yake zama, fuskarsu kuma ta yi sulɓi. Da wannan garin dutse, da kuma ƙarce-ƙarcen da ke kan fuskar da ta goge, masana ke gane inda tsaga take, har su faɗi wajen da ta nufa, ko da motsin ya tsaya tun miliyoyin shekaru.

Akwai kuma batun zafi. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa, zafi na ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30. Dutsen da ke sama mai sanyi ne, kamar kantun gishirin Bilma yake, in an matsa masa sai ya karye. Wanda ke can ƙasa da nisan kilomita 15 zuwa 20 kuwa ya yi laushi saboda zafi, yana miƙewa ne kamar alewa a hannun mai ja. Shi ya sa akasarin girgizar da ake yi a doron ƙasa daga wannan ɓawo na sama take tasowa.

Me ya sa arewa ke girgiza, mu ba ma yi?

Nahiyar Afirka tana matsawa ne wajen Turai, da abin da bai kai santimita ɗaya a shekara ba. Wurin da ake wannan turereniya shi ne bakin Bahar Rum da tsaunukan Atlas, don haka can ne ake shan wahala. Birnin Agadir na Maroko ya rushe a 1960, mutane sama da 12,000 suka mutu. A Aljeriya an yi ta El Asnam a 1980, sa'annan ta Bumardas a watan Mayun 2003, wadda ta ci rayuka sama da 2,000. Fataken da ke zuwa Tamanrasat su sani cewa ko can ɗin ma yana da nisa ƙwarai da wannan layi. Agadas kuwa tana da tazarar kusan kilomita 2,000 daga gaɓar tekun, tana zaune a tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da kowane baki. Ƙwarya dai daga baki take ɓantarewa.

Amma ba haka abin yake ba tun fil azal. Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, a nan ɗin ne ake turereniyar. Ɓangarorin ƙasa dabam-dabam suka haɗu suka matse juna, suka tayar da tsaunuka, wasu suka goga kafaɗa na tsawon ɗaruruwan kilomita. Ɗinkin da ya rage daga wannan karo yana nan a gabashin Abzin, masana na kiransa Ragane, ya miƙe daga kudu zuwa arewa har cikin Hoggar ta Aljeriya. Ɓangaren da ke yamma da shi sun raɗa masa sunan Asode, wato tsohon birnin nan na Abzinawa da ya zama kufai. Duwatsun da ake gani a wannan layi a miƙe suke, zane-zane, kamar an ja su da hannu, domin a lokacin suna can ƙasa cikin zafi. Iska da ruwa ne suka kankare abin da ke samansu har suka fito fili.

Bayan nan narkakken dutse ya riƙa bin raunin ƙasar yana hawowa, ya daskare ya zama manyan tsaunukan da muka sani, ciki har da Bagazam mai tsayin mita 2,022, wanda babu kamarsa a duk faɗin Nijar. Can baya-bayan nan kuma, a lissafin masana, aka yi aman wuta a kudancin Abzin, inda har yau ake ƙirga tsofaffin bakunan wuta sama da ɗari a yankin Todra, da baƙaƙen duwatsun da matafiya ke gani a hanyar Timiya.

Abin da ke fitowa daga tsaga

Tsaga ko ta daina motsi, ba ta komawa dutse lafiyayye. Kamar tsagar gado ce a fuska, ta warke amma tana nan. Wurin ya zama hanya, kuma babban mai bin wannan hanya shi ne ruwa.

A duba Tagidda-n-Tesum, arewa da Ingal. A ƙarƙashin lakar filin Irhazer akwai dutsen yashi mai riƙe da ruwa, lakar ta danne shi kamar murfin tukunya. Inda tsaga ta ratsa lakar, sai ruwan ya samu kafa ya ɓullo da kansa, ɗauke da gishiri. A nan mutanen Ingal suka kafa sana'arsu tun kaka da kakanni: a jiƙa ƙasa mai gishiri da ruwan marmaron a manyan ramuka, a tace zuwa ƙananan ramuka, rana ta shanye ruwan, a kwashe gishiri a dunƙula. Mata na da babban hannu a wannan aiki. Gishirin da makiyaya ke saya wa dabbobinsu ke nan, kuma wannan ƙasa mai gishiri ce ke jawo Abzinawa da Bararo da garkunansu zuwa yankin Ingal a ƙarshen kowace damina. Wadda ke auna wannan gishiri a kasuwar Agadas, ta sani ko ba ta sani ba, da tsagar ƙasa take cin abinci.

Kusa da nan akwai Azelik, wurin da masu binciken tarihi da dama ke ganin shi ne tsohon birnin Takadda da matafiyin nan Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. Ya ba da labarin yadda ake narka tagulla a mayar da ita 'yan sanduna, ana sayen nama da gero da itace da su kamar kuɗi, ana kuma kai ta har Gobir da Barno. Abin mamaki, neman wannan tagulla ce ya kawo Faransawa masu binciken ma'adinai Azelik, inda a 1957 suka ci karo da alamun yuraniyom.

Wannan ya kawo mu ga tsagar da ta fi kowace tsada a ƙasar nan, wato tsagar Arlit. Ta taso ne daga wajen In Azawa a iyakar Aljeriya, ta miƙo kudu tana bin yammacin tsaunukan Abzin. Ɓangaren yamma ya sauka ƙasa, na gabas ya tsaya a sama, kuma ta sha motsawa tana kwantawa a tsawon ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Duk wanda ya ɗauki taswira ya sa ɗigo a kan Arlit, da Akuta, da Imuraren, zai ga sun yi sahu a gefen wannan layi kamar rumfunan kasuwa a bakin titi. Dalili kuwa, yuraniyom asalinsa a warwatse yake cikin duwatsun Abzin, ƙanƙane ƙwarai, bai isa a haƙa ba. Ruwa ne ya narkar da shi ya kwaso, ya bi ta cikin dutsen yashi da tsagogi, inda ya tarar da ruɓaɓɓun itatuwan zamanin da a binne sai ya sauke kayansa. A hankali har ya taru ya zama abin da ake rigima a kansa yau.

Kamfanin Somaïr an kafa shi a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971. Cominak ya fara a 1978, yana haƙa a zurfin kimanin mita 250 a Akuta, ya fitar da tan kusan 75,000 kafin a rufe shi ranar 31 ga Maris, 2021, bisa dalilin cewa ma'adinin ya ƙare. 'Yan kasuwar Akokan sun fi kowa sanin ma'anar wannan rana, domin albashin ɗaruruwan ma'aikata da ke juyawa a kantuna da rumfunan mata ya tsaya. A 2024 gwamnati ta ƙwace lasisin Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa, a 2025 kuma ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Ko wane ne ke riƙe da ramin, a ganina akwai abin da ya kamata mai kasa kaya a Arlit ya riƙe: abin da ruwa ya ɗauki miliyoyin shekaru yana tarawa, Cominak ya kwashe nasa rabon cikin shekara 43, kuma ba ya sake tsirowa kamar albasa.

Ruwan zafi na Tafadek, da mutane ke zuwa wanka don neman sauƙin sanyin ƙashi da ciwon jiki, shi ma aikin tsaga ne. Ruwan sama ne ke nutsewa can ƙasa inda dutse ke da zafi, ya ɗumama, sa'annan ya samu tsagar da za ta dawo da shi sama da sauri kafin ya huce. Babu wata wuta da ke shirin fashewa a ƙarƙashin masu wanka.

Haka zalika zinari. Tun da aka fara rububinsa a Jado da Cibarakaten a 2014, kasuwar Agadas ta sauya kama: injinan neman zinari, janareto, buhunan shinkafa, jarkokin ruwa, duk sun samu masu saye. Masu haƙa a cikin dutse suna bin abin da suke kira jijiya, wato farin dutsen nan da ke ratsa baƙi. Jijiyar ba komai ba ce illa tsohuwar tsaga da ruwan zafi ya bi ta cikinta a zamanin da, ya cike ta da farin dutse, wani lokaci har da ɗan zinari. Shi ya sa take tafiya a layi, shi ya sa kuma takan ɓace wa mai haƙa rana tsaka, idan wata tsagar ta yanke ta ta gusar da ragowar gefe.

Man fetur ma ba a bar shi a baya ba. Lokacin da Afirka ta rabu da Kudancin Amurka, sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, ƙasa ta so ta tsage har cikin nahiyar, ta buɗe kwarin Binuwai a Nijeriya, da Tarmit da Tefidet a nan Nijar, sa'annan ta fasa. Laka da yashin da suka cike kwarin Tarmit su ne suka haifar da man Agadem na jihar Diffa, wanda aka fara tacewa a matatar Damagaram a 2011.

Barci ba mutuwa ba ne

Kada a ce an ce girgiza ba za ta taɓa yiwuwa ba a tsakiyar nahiya. A watan Disambar 1983 an yi ta a yankin Gawal na ƙasar Gini, wurin da babu wanda ya zata, ta kashe ɗaruruwan mutane. A Nijeriya an ji motsin ƙasa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da unguwar Mpape ta Abuja a 2018, ko da yake waɗannan ƙanana ne, tsoro suka fi bayarwa. Tsohuwar tsaga takan ɗan gyara kwanciya idan matsin da ke zuwa daga nesa ya taru a kanta. Bambancin shi ne, abin da tsagar bakin Bahar Rum za ta tara cikin shekara ɗari, irin tamu sai ta yi dubbai ba ta tara ba.

Akwai ma shaida a tsakiyar gari. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, da laka da itace aka gina ta. Asalin ginin na wajejen 1515 ne, aka sake ɗaga ta a 1844, kuma tana nan a tsaye. Birnin Bam na ƙasar Iran ma ya yi suna da ginin laka, amma girgizar da aka yi a watan Disambar 2003 ta rusa shi cikin daƙiƙoƙi, mutane sama da 26,000 suka mutu. Ginin laka mai tsayi irin namu ba ya jure babbar girgiza, tsayuwarsa kuwa ta nuna ba a yi irinta a nan ba tun da aka ɗaga shi.

Bugu da ƙari, har yau babu wani masani, ko na'ura, ko hukuma a duniya da ke iya faɗin rana da sa'ar da ƙasa za ta girgiza. Abin da ake iyawa shi ne a ce wuri kaza ya fi wuri kaza haɗari. Saboda haka duk saƙon murya da ya shigo waya ta WhatsApp yana cewa ranar kaza a kwana a waje, ko a rufe kasuwa, ƙarya ce tsagwaronta, kuma wanda ya bar shagonsa a kan wannan magana ɓarayi kawai ya yi wa hidima.

Abin da ke rusa mana gine-gine daga sama yake zuwa. A farkon watan Satumbar 2009, ruwan da ya sauka a tsaunukan Abzin ya cika ƙoramar Telwa, ya ɓalle madatsa, ya shigo Agadas cikin dare ya rusa dubban gidaje. A Satumbar 2024 ruwan sama ne ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye. Mai shagon laka da ke son kare dukiyarsa, gara ya duba indararonsa da gindin katangarsa kafin damina, ya kuma ɗaga buhunansa daga ƙasa.

Inda zamewar dutse ke kashe mutanenmu a zahiri shi ne cikin ramukan zinari. Mai bin jijiya yana haƙa ne a daidai wurin da dutse ya fi rauni, tsakanin fuskoki biyu da suka riga suka goge juna suka yi sulɓi. Muddin suna jingine da juna, lafiya lau. Da zarar an kwashe abin da ke tsakaninsu, ko ruwa ya shiga ya jiƙa garin dutsen da ke bakin, ko aka fasa nakiya a ramin maƙwabci, sai bango ya sulalo. A watan Nuwambar 2021 ramuka sun rufta da masu haƙa a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, aka rasa aƙalla mutum 18. Daga cikin masu shiga waɗannan ramuka akwai 'ya'yan 'yan kasuwa da ƙannensu, wasu ma da jarin gida aka sallame su. Alamomin da tsofaffin ma'aikatan rami ke lura da su ba ɓoyayyu ba ne: tsakuwa na zubowa daga rufi ba tare da an taɓa ba, tsaga na ƙara faɗi tsakanin safe da yamma, itacen tokare na ƙara, ko danshi ya ɓullo a bangon da jiya yake a bushe. Idan aka ga ɗaya daga cikinsu, fita ake yi, a bar kayan aiki a ciki.